Kumburin jijiya a kan Hajiyarmu: a buɗe ƙoƙon kai ko a bi ta cinya?

Autar Hajiya: Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masu ilimin asibiti ku taimaka min, wlh kaina ya kulle. Hajiyarmu shekararta 58, tana da hawan jini tun bayan rasuwar Baba. Kwana tara kenan ta tashi da ciwon kai ta bayan idon dama, bayan kwana biyu fatar idon ta sauko ta rufe idon ruf, in aka ɗaga mata da hannu sai tace mutum biyu-biyu take gani. Mun ɓata kwanaki muna ɗiga maganin ido kafin muka kaita wajen likitan ido, yana haskawa yace wannan ba ciwon ido bane, maza a je a ɗauki hoton kai. An yi CT irin wanda ake ɗura ruwan allura a jijiya, sakamako ya nuna wata jijiyar jini a ƙasan ƙwaƙwalwa ta yi ƙululu har milimita 9, aniyurizim suke ce masa, shine ya danne jijiyar da ke ɗaga fatar ido. Bai fashe ba tukuna. Likitan ƙwaƙwalwa ya bamu zaɓi biyu, ko a buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan ƙululun da kilif, wato ɗan ƙarfe mai matsewa, ko a zura siririn tiyo ta jijiyar cinya har cikin kai a cusa siririyar wayar ƙarfe a cikin ƙululun. Na biyun ba a yi a inda muke sai an tura mu wani gari. Yaya babba yace shi fa ba za a fasa kan uwarsa ba, Kawu kuma yace duk a bari a dage da addu'a tunda tana ci tana sha tana magana. Ni ce ƙarama amma ni ce ke kwana da ita. Wanne ya fi?

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya bata lafiya yasa kaffara ne. Bari masu sani su zo.

Dakta A.: Wa alaikissalam ƙanwata, sannu da jinya. Kafin maganar wanne ya fi, ki fara isar da wannan ga Kawu cikin ladabi: zama a jira ba ya cikin zaɓin. Gaskiya ne mutane da yawa na yawo da irin wannan ƙululun basu sani ba, kusan mutum 3 cikin 100 na manya, kuma mafi yawansu har su koma ga Allah ba zai fashe ba. Ƙanana da aka gano bisa tsautsayi, waɗanda basu kai milimita 7 ba, sau da yawa sa ido kawai ake yi. Na Hajiya daban ne. Rufewar ido farat ɗaya tare da ciwon kai alama ce abin yana ƙara girma a 'yan kwanakin nan, bangonsa na ƙara sirancewa. Irin wannan muna ɗaukarsa kusan kamar wanda ya fashe, maganar kwanaki ake yi, ba a kai makonni. A yi addu'ar ana tafiya asibiti.

Baban Khalifa: Ni fa Dakta abin da ban gane ba, ina cinya ina kai? Ta yaya waya zata taso daga cinya ta isa ƙwaƙwalwa bata huda komai a hanya ba? Wlh na ɗauka irin zancen nan ne na masu neman kuɗin mutane.

Mai Hoton Asibiti: Baban Khalifa ba yaudara bace, shekara huɗu na yi a ɗakin da ake wannan aikin a ƙasar waje, ni ke riƙe na'urar hoto. Jijiyoyin jini duk a haɗe suke kamar famfon gari, babban bututu ya fito daga zuciya ya rarrabu, wani reshen ya sauka ƙafa wani ya hau wuya. To ana huda na cinya daidai matsematsi, hudar bata fi bakin biro ba, a zura tiyo mai laushi ya bi cikin jinin ya haura ta babban bututun ciki ya wuce ƙirji ya shiga jijiyar wuya. Cikinsa sai a sake zura wani ɗan ƙarami wanda bai kai milimita ɗaya ba, shine zai lallaɓa har bakin ƙululun. Duk ana gani a talabijin saboda ana fesa ruwan da ke fitowa baƙi a hoton eksire, sai kaga jijiyoyin kai sun bayyana kamar rassan bishiya. Daga nan likita ya fara tura waya ta filatinam, mai laushi ce sosai, tana shiga tana nannaɗe kanta a ciki kamar soson ƙarfe. In ta zauna daidai sai a tsinke ta, a tura wata, har sai ruwan hoton ya daina shiga. Kuma ba wai wayar ke cika wurin dam ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku take ci, sauran jini ne ke daskarewa a tsakaninta ya toshe. Yanzu ma wasu likitocin ta wuyan hannu suke shiga, mara lafiya ya fi saurin tashi zaune.

Baban Khalifa: Ikon Allah. To mutum na farke ake wannan?

Mai Hoton Asibiti: A'a yawanci ana sa shi barci gaba ɗaya, ba don zafi ba, don kar kai ya motsa ko kaɗan. Motsin milimita ɗaya a wurin nan ba ƙaramin abu bane.

Malam Na Tarihi: In ƙara muku wani abu tunda Baban Khalifa na ganin kamar sabon abu ne. Hoton jijiyoyin kai tun 1927 wani likita ɗan Fotugal, Egas Moniz, ya fara shi. Kilif kuma Walter Dandy ne ya fara sawa a Amurka a 1937. Dabarar huda jijiya da allura a bi da waya a zura tiyo wani ɗan Suwidin ne, Seldinger, a 1953. A shekarun 1970 wani likita a Mosko, Serbinenko, yana tura 'yan ƙananan balan-balan ta jijiya yana toshewa da su. Wayar da ake magana kuwa Guido Guglielmi ne, ɗan Italiya da ke aiki a jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas, aka fara sawa mutum a 1990, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1995. Hikimarsa ita ce wayar na maƙale da sandar turawa, in bata zauna daidai ba a janyo ta a sake, sai an gamsu sannan a sa 'yar wutar lantarki kaɗan mahaɗar ta narke. Kun ga an haura shekara talatin ana yi.

Likitan Tiyata: Na karanta duka, kuma ina jin tsoron yadda zancen ke tafiya, kamar an riga an yanke cewa buɗe kai mugun abu ne. Ni a ɓangaren tiyatar ƙwaƙwalwa nake koyon aiki, bari in faɗi nawa. Kalmar "fasa kai" ita ke firgita iyalai. Abin da ake yi shine a yanke ɗan ƙashi ta gefen goshi cikin gashi, a bi ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da madubin tiyata ba tare da an yanka ta ba, a ɗana kilif na titaniyom a wuyan ƙululun, a mayar da ƙashin. In ya kama da kyau yawanci an gama kenan har abada. Joe Biden sau biyu aka yi masa a 1988, ya rayu har ya mulki Amurka bayan shekara talatin da wani abu. Waya fa tana iya matsewa da bugun jini a hankali, wuyan ya sake buɗewa, kusan ɗaya cikin biyar ana ganin haka a hoton bibiya, kusan ɗaya cikin goma sai an koma an ƙara. A ƙasar da mutum zai koma ƙauye ya ɓace, ba na'urar hoton MRI kusa, ba kuɗin komawa, wannan ba ƙaramar magana bace.

Dakta A.: Abokina ban ƙi maganarka ba amma ka faɗi ɗaya ɓangaren ma. Babban binciken da ya canza aikin nan a duniya, ISAT, wanda aka jagoranta daga Oksfod aka buga a 2002, mutum 2,143 ne da nasu ya fashe aka raba biyu. Bayan shekara ɗaya, waɗanda suka mutu ko suka kasa kula da kansu kashi 23.7 ne a ɓangaren waya, kashi 30.6 a ɓangaren kilif. Saboda wannan tazarar aka tsayar da ɗibar mutane tun kafin lokaci. Mutum bakwai cikin ɗari ba wasa bane in uwarka na cikinsu.

Likitan Tiyata: Haka ne ranka ya daɗe, amma mutum sama da 9,000 aka tantance aka ɗauki 2,143 ɗin nan, wato sai wanda likitocin biyu suka yarda kowace hanya zata yi masa. Kuma duk waɗanda nasu ya fashe ne, na Hajiya bai fashe ba. Sannan ga maganar ido, da kilif ana iya huda ƙululun a sace shi ya daina danne jijiyar, waya kuwa tana nan cikinsa a dunƙule, abin da take ragewa bugun ne. Rahotanni da dama sun nuna ido ya fi buɗewa gaba ɗaya bayan kilif, duk da cewa da waya ma da yawa suna warwarewa.

Dakta A.: Wannan gaskiya ne, na karɓa. Shi yasa nake ganin mu biyun nan ba mu za mu zaɓa mata ba, hoton ne zai zaɓa. Autar Hajiya, ki tambayi likitanku abu uku: wuyan ƙululun siriri ne ko mai faɗi, akwai wata jijiya da ta fito daga jikinsa, sannan shi kansa sau nawa yake irin wannan aikin a shekara. Kar ki ji kunyar ta ukun, likitan kirki ba zai ji haushi ba. Kuma a tura hoton ta waya zuwa can asibitin tun kafin ku taso, su faɗa muku suna da wayoyin a ƙasa kuma wace rana za su yi. Abin da nake gudu shine ku bar mai kilif da ke shirye jibi ku tafi neman biza ta Masar ko Indiya sati uku.

Ummu Sadik: Wannan magana ta ƙarshe ta Dakta ita ta sa ni kuka. Yayata ce, shekararta 41, tana alwalar asuba ta dafe kai ta ƙwalla ƙara tace kamar an maka mata taɓarya a ƙeya, ta yi amai, wuya ya sanƙare. Lokacin zafi ne ana ta fama da sanƙarau a unguwa, asibitin da muka fara zuwa suka ce shine, aka yi ta allurai kwana huɗu, ta ɗan samu sauƙi har tana shan kunu, mu ka ce Alhamdulillah. Wasu a dangi ma cewa suke jifa ne. Rana ta shida ya sake fashewa a gabana. Sai a lokacin aka yi hoton kai aka ga jini. Bata kai Magariba ba. Ta bar yara biyar, ƙaramin na hannuna yanzu. Dan girman Allah ƙanwata kar ku tsaya jayayya a tsakar gida, ku kuna da abin da mu bamu samu ba, an gano naku kafin ya fashe.

Maman Ilham: Allahu akbar. Allah ya jiƙanta ya raya abin da ta bari.

Nas Mai Dare: Allah ya gafarta mata Anti. Jama'a ku riƙe bambancin nan dan Allah, sanƙarau yawanci da zazzaɓi yake zuwa yana ƙaruwa cikin awanni ko kwana, wannan kuwa cikin daƙiƙa yake kaiwa ƙarshen zafi, mutum zai iya faɗa maka daidai abin da yake yi lokacin da ya sare shi. Duk wanda yace bai taɓa ciwon kai irin wannan ba a rayuwarsa kuma farat ɗaya ya zo, CT ake nema a ranar, a awanni shidan farko hoton kusan baya kuskure. Kuma ko an toshe wanda ya fashe ba a gama ba, daga kwana na 3 zuwa na 14 jijiyoyin kai kan tsuke saboda jinin da ya zuba, shi yasa ake bada maganin nimodifin duk awa huɗu har kwana 21 muna tashin mutum cikin dare. Mutane na jin "ba a buɗe kai ba" sai su ɗauka ƙaramin ciwo ne su fara neman sallama.

Ɗan Damagaram: Ni an yi min, bari in baku labari daga bakin mai shi. Shekara shida kenan, a Tunusiya, nawa ma bai fashe ba an gano shi ne garin neman dalilin jiri. Na shiga da safe, na farka da azahar, abin da ya fi damuna duk bai wuce kwanciya flat awa shida ba a hana ni lanƙwasa ƙafa, da ɗan ciwon kai na kwana biyu, cinyar ta yi baƙi kamar an doke ni. Kwana uku aka sallame ni. Amma nawa wuyansa mai faɗi ne, sai da suka sa wata 'yar raga a cikin jijiyar ta tokare wayar kar ta zubo, saboda ita aka ɗora ni kan magungunan tsinka jini, asfirin da kilofidogirel, aka ja min kunne ko kwana ɗaya kar in tsallake. Wata shida na koma hoto suka ce ya ɗan buɗe kaɗan, a sa ido, bayan shekara aka ƙara waya biyu. Tun daga nan shiru. Kuɗin komawar nan bamu sa shi a lissafi ba tun farko, sai da na saida fili, ku ku sa shi. Sigari kuma tun ranar na yar.

Baban Khalifa: "Flat" ɗin nan kenan ko filo babu?

Ɗan Damagaram: Ƙaramin filo sun bani daga baya, ƙafar ce dai ba a yarda ta motsa ba.

Mai Hoton Asibiti: Ragar da yake faɗa kala biyu ce. Akwai mai tokare waya irin tasa, akwai kuma mai saƙa cunkus wadda ake shimfiɗawa a bakin ƙululun ba ma sai an sa waya ba, tana karkatar da jini ya wuce gaba, abin ya bushe a hankali cikin watanni. Pipeline ita ce ta fara shahara, Amurka ta amince da ita a 2011. Akwai kuma WEB, kamar ɗan kwando ake buɗewa a cikin ƙululun. Amma duk ragar da ta zauna cikin jijiya sai da maganin tsinka jini, shi yasa ba a son ta ga wanda nasa ya riga ya fashe. Kuma kar in ɓoye, na ga ranar da ƙululu ya fashe ana tsakiyar aiki, na ga wanda gudan jini ya toshe masa reshe ya farka da hannu ba ƙarfi. Ba kullum bane amma yana faruwa, takardar da za ku sa hannu duk an rubuta. A duba mata ƙoda ma kafin nan saboda ruwan hoton.

Abu Hanan: Tambaya ta addini, ya halatta a bar ƙarfe a jikin mutum har a binne shi da shi? Kawunsu zai iya kawo wannan.

Malam Na Tarihi: Malamai sun daɗe da amsa irinta. Sahabi Arfaja an yanke masa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi SAW ya umarce shi ya sa na zinare. In zinare ya halatta ga namiji saboda lalura, ina ga 'yar waya da zata tsare rai. Kuma ba a tone gawa don ciro abin da ke cikin ƙwaƙwalwa. Amma su kai Kawu wajen malamin da yake girmamawa ya ji daga bakinsa, ya fi a ce yara ne suka karanto a waya.

'Yar Zariya: Dakta mu 'ya'ya fa? Gado ne? Kuma ni ina da sikila, an taɓa ce min muna cikin haɗari.

Dakta A.: Mutum ɗaya a gida yawanci ba a cewa kowa ya je hoto. In an samu biyu cikin iyaye, 'yan uwa na jini ko 'ya'ya, ko akwai ciwon ƙodar nan mai ƙuraje-ƙurajen ruwa da ake gada, to sai a tantance. Masu sikila kuwa eh, an fi samunsa a wurinsu kuma sau da yawa fiye da ɗaya, ki yi maganar da likitan jininki, musamman in ciwon kai ya canza miki salo. Ga kowa dai abu biyu ne a hannunmu, hawan jini da taba. Mata sun fi maza samu, an fi gani daga shekara 40 zuwa 60.

Autar Hajiya: Na gode Allah ya saka da alheri, na karanta wa Yaya duka har na Anti Ummu Sadik, ya yi shiru ya fita waje. Na yi wa likita tambayoyin uku. Yace wuyan siriri ne, yace shi yana kilif amma gaskiya ba sosai ba, kuma da kansa ya kira can ya tura hoton, sun ce waya zata yi ba sai da raga ba, mu zo gobe a yi jibi. Yace da sun ce sai sati biyu da shi zai yi nasa. Kawu ya yarda bayan liman ya yi masa magana. Kuɗi dai an haɗa da na gonar Baba da gudummawar dangi. Da asuba za mu kama hanya, a sa mu a addu'a.

Likitan Tiyata: Wannan likitan naku mutumin kirki ne. Allah ya sa a yi a sa'a. A hanya ta sha maganin hawan jininta, kar ta yi yunƙuri ko ɗaga kaya, in ciwon kai ya sare ta ku shiga asibiti mafi kusa ku nuna takardar.

Ummu Sadik: Allah ya kai ku lafiya, ina nan ina duba wayata.

Autar Hajiya: Alhamdulillah 'yan gida, an yi jiya. Awa biyu da rabi, waya biyar suka sa, sun nuna mana hoton kafin da bayan, wurin da ke cika da baƙi yanzu babu. Ta farka ta gane kowa, farkon abin da ta tambaya ko an yi la'asar. Idon dai har yanzu a rufe yake, ta ɗan damu, likita yace jijiyar ido a hankali take farfaɗowa, makonni zuwa watanni, kuma ba zai yi alƙawarin zai koma daidai ɗari bisa ɗari ba. An rubuta mana MRI bayan wata shida. Dakta wurin hudar ya yi shuɗi-shuɗi har zuwa tsakiyar cinya, matsala ce?

Dakta A.: Masha Allah, barka. Canza launin kaɗai ba komai, zai bi jiki cikin sati biyu. Abin da za ki duba shine kumburi mai tauri da ke ƙaruwa ko yana bugawa a ƙarƙashin yatsa, ko ƙafar ta yi sanyi ko ta dushe, ko jini ya ɓalle, in ya ɓalle ki danne da ƙarfi da tafin hannu ki kira nas kar ki saki. Sallah ta yi a zaune kwanakin nan. Ranar MRI ɗin kuma ki rubuta ta a wayar Yaya ma, ba taki kaɗai ba.